Sharhi: Yayin Zane na Shekara da Aljihun Ɗan Kasuwar Agege

A ƙarshen kowace shekara manyan kamfanonin zane na ƙasashen waje sukan ba da sanarwar abin da suka ce shi ne zai yi tashe a shekara mai kamawa. Kamfanin Pantone na Amurka, tun daga shekarar 2000, yakan zaɓi launi guda ya naɗa shi sarautar shekara; a 2025 ruwan ƙasa irin na koko ne ya samu wannan rawani. Kamfanonin Adobe da Canva su ma sukan fitar da nasu rahoton game da irin haruffa da hotunan da za a yi yayi.

A da wannan magana ba ta wuce ofisoshin kamfanonin talla na Ikeja da tsibirin Victoria ba. Yanzu wayar hannu ta kawo ta har Ogba da Zangon Agege, inda Hausawa suka kafa kasuwancin goro da shanu tun farkon ƙarni na 20. Matashin da ya koyi zane ta YouTube a cikin 'yan makonni yakan zo wa mai shago da shawara ɗaya: a sauya tambari da launin leda, wai na yanzu ya tsufa. A ra'ayinmu, ya kamata ɗan kasuwa ya yi dogon nazari kafin ya amince.

Dalili na farko yana bakin masu saye. Matar da ta aiki yaro kanti ba ta karanta masa sunan kamfani, cewa take yi ya sayo magi mai tauraro. Magini yakan ce siminti mai giwa. A gari irin Legas, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo suke ciniki a rumfa ɗaya, kuma da yawa ba su karanta boko sosai, hoto da launi su ne sunan kaya. Wanda ya sauya su saboda yayi ya sauya wa kayansa suna ke nan ba tare da ya yanka rago ba, kuma mai saye zai fara zargin ko jabu ne aka kawo masa.

Manyan kamfanoni ma sun ɗanɗana wannan. A farkon 2009 kamfanin lemon kwali na Tropicana a Amurka ya cire hoton lemon da aka san shi da shi, cinikinsa ya faɗi da kimanin kashi 20 cikin ɗari a ƙasa da wata biyu, tilas ya koma tsohon kwali. A 2010 kamfanin tufafi na Gap ya fito da sabon tambari, ya janye shi cikin mako guda. Waɗannan suna da jarin da za su haɗiye asarar. Mai kilishi ko mai gidan burodi a Agege ba shi da shi.

Sai kuma batun kuɗin bugu, wanda darussan intanet ba su cika taɓowa ba, domin yawancinsu an shirya su ne don zanen da zai tsaya a fuskar waya. Duk wanda ya taɓa kai aiki wurin masu ɗab'i na Shomolu ko Mushin ya san launin da ke ƙyalli a kwamfuta ba lallai ya fito haka a takarda ba. A bugun leda kuwa kowane launi da nasa faranti, kuma kowane faranti da nasa kuɗi. Zane mai launuka biyar da suka narke cikin juna yana da kyau a waya, amma mai kaya ne zai biya farantan, a ƙasar da galibin takarda da tawada daga waje ake shigo da su da dala. Ga kuma lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewar kaya, waɗanda dole su fito ƙarara, ko sun dace da yayi ko ba su dace ba.

Akwai wata matsala da ta shafi Hausa kaɗai. Da yawa daga cikin haruffan da ake yayi ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Mai zane yakan rubuta k a madadin ƙ ya wuce abinsa, sai baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa, ko kuma harafin ya fito a matsayin ɗan akwati a tsakiyar allon shago. Alhali kuwa akwai haruffa na kyauta, irin su Noto na kamfanin Google, da suke ɗauke da su duka.

Wannan ba yana nufin a guji karatun intanet ba ne. Hasali ma a nan ribar take. Shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, da nufin horar da matasa miliyan 3 a fannonin fasaha, ya haɗa da zanen fuskar manhaja, kuma ya fara da mutum 30,000 a rukunin farko. Kasuwar kwamfuta ta Ikeja, inda ake samun na hannu, ba ta da nisa da Ogba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai biya wa yaro kuɗin data, musamman tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Attajiran Agege sun saba ɗaukar yaron shago su riƙe shi shekaru kafin su sallame shi da jari. Babu abin da zai hana su yi haka a wannan sana'a: a saya wa yaro kwamfuta da data na wata shida, da sharaɗin zai kuma yi wata uku a gaban injin bugu a Shomolu, ya ga yadda ake haɗa tawada da yadda ake lissafin faranti. Irin wannan mai zane zai iya gyara tambarin ubangidansa ya ƙara masa kyau ba tare da ya ɓatar da shi a idon masu saye ba.

Shi kuwa mai tambarin da ya riga ya karɓu, kuɗin da zai kashe wajen sauya shi gara ya kai su ofishin rajistar tamburan kasuwanci da ke Abuja. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14, kuma ita ce hujjar da zai riƙe a kotu ranar da wani ya buga irin ledarsa ya zuba nasa kayan a ciki.