Siminti Ba Ya Karɓar Cin Hanci

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, duk sa'ad da bene ya rufta a ƙasar nan, magana ɗaya muke ji: ƙaddara ce. A kwashe gawawwaki, a kafa kwamiti, a yi ta'aziyya, bayan mako biyu kowa ya kama gabansa. Mu ma mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu yarda a mai da ita mayafin ɓarawo ba. Ran 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 ya rushe a unguwar Ikoyi ta Legas, mutane fiye da 40 suka halaka, da yawansu leburori ne masu neman abin kai wa baki. Ba girgizar ƙasa aka yi ba, ba guguwa ba. Gini ne ya kasa ɗaukar kansa.

Abin takaici, siminti ba baƙo ba ne gare mu, balle mu ce ya yaudare mu. Tun 1957 aka fara yin sa a Nkalagu, a 1967 masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta soma aiki, ta Ashaka kuma a 1979. Yadda ake yin sa ma ba asiri ba ne. Dutsen farar ƙasa ake fasawa, a haɗa da yumɓu, a niƙe, a zuba cikin doguwar tanderu mai juyawa, a gasa da zafin da ya kai digiri 1,450, har su dunƙule su zama 'yan curi-curi masu tauri. Waɗannan ake sake niƙewa tare da ɗan jifsam, wanda ke hana garin saurin daskarewa, sa'an nan a ɗura a buhu mai kilo 50.

Ga inda jahilci yake kashe mu. Yawancinmu mun ɗauka siminti bushewa yake yi kamar laka a rana. Ko kusa! Haɗuwa yake yi da ruwa, su zama wani sabon abu mai kama da dutse, ya riƙe yashi da tsakuwa gam. Wannan haɗuwa tana cin lokaci, shi ya sa injiniyoyi ba sa auna ƙarfin kankare na sosai sai ya kwana 28. In an bar rana da iskar hunturu suka shanye ruwan tun a kwanakin farko, aikin ya tsaya ke nan, abin da ya saura sai ɓawo mai kyan gani da ciki mai marmashi. In kuma an cika ruwa wajen kwaɓi don shebur ya yi sauƙin shiga, rarar ruwan za ta fita ta bar ƙananan ramuka, ƙarfi ya ragu. Duk magini na ƙwarai ya san awon da aka saba: kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa.

To, me muke gani a wuraren gini? Mai buga bulo ya matse buhu ɗaya ya fitar da abin da ya kamata buhu biyu su fitar, har yaro ya iya murje bulon da yatsa. Ɗan kwangila ya sayo yashi mai laka don ya fi araha, ya rage kaurin rodi, ya hana ban-ruwa don tankar ruwa kuɗi ce, ya cire katakon tallafi kafin lokaci don yana gaggawar karɓar cikon kuɗinsa. Daga ƙarshe kuma wani mai digiri, ɗaya daga cikinmu, ya zauna a ofis ƙarƙashin fanka ya sa hannu cewa aiki ya yi, alhali ƙafarsa ba ta taka wurin ba. Ɓera da sata, daddawa da wari.

Wannan cuta ta mai alƙalami tsohuwa ce. A 1975 ma'aikatun gwamnati, musamman Ma'aikatar Tsaro, sun yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar jirgin ruwa ta Legas ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cincirindo a bakin teku wata da watanni, ƙasa tana biyan kuɗin jira, danshi yana shiga buhuna, siminti yana zama dutse a cikin jirgi. Waɗanda suka sa hannu ba jahilan karatu ba ne. Ko dai ba su san halin abin da suke saye ba, ko kuwa sun sani aljihu ya rufe musu ido.

Za a ce mana siminti ya yi tsada, talaka ba shi da zaɓi. Gaskiya ne ya yi tsada, amma tsada ba ta halatta ha'inci. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta, kuma tun sabuntawar 1844 take tsaye, domin masu ita ba su fasa yi mata yaɓe ba. Tubalin gaskiya ya fi bulon ƙarya. Wanda ƙarfinsa bai kai bene ba, ya gina soro, ya kwana lafiya.

Saboda haka muna kira da babbar murya. Ɗaliban injiniya da na zanen gini su fita daga aji su riƙe shebur, su koyi gane yashi mai laka da tafin hannu. Hukumomin tsara birane su riƙa gwada bulo da kankare kafin a ɗora hawa na gaba. Duk ginin da ya faɗi, a bayyana sunan jami'in da ya amince da shi, ya gurfana tare da ɗan kwangila.

Mu kuwa da za mu gaji waɗannan kujeru gobe, mu sani ana iya toshe bakin sufeto, ana iya ɓatar da fayil, amma ba wanda ya taɓa sayen ginshiƙi da goro. Ranar da nauyi ya hau kansa, abin da aka zuba masa shi zai faɗa. Allah Ya sa kada sa hannunmu ya zama kabarin wani.