Laifin Rigar Ne, Ba Na Jikinki Ba

'Yar'uwa, da wuya mako ya wuce wata ba ta tsaya a tagar ɗakin maganinmu ba, ta sassauta murya ta nemi maganin ƙara girman mama. In na bincika, sai in tarar rigar mamar lefe ce ta yi mata yawa, ita kuma ta ɗora wa jikinta laifi.

Ki ji da kyau: babu man shafawar da zai ƙara miki komai. Ƙwayoyin "sha ka fashe" kuwa, irin su dexamethasone, kumburi suke kawowa, da hawan jini, da ciwon suga, da raunin ƙashi. Ƙanƙantar mama ba cuta ba ce, kuma ba ta hana jariri ƙoshi.

Ɗauki tef ɗin tela. Auna ƙasan mama, sannan daidai tudunsa. Bambancin inci 1 shi ne A, inci 2 kuma B. Zaɓi ta auduga, wadda kofinta ya kwanta babu rami, ɗamararta ba ta hawa baya.

Ku kuma dangin ango, ku daina sayen rigar mama da ka. Ku tambayi awo.