Masallaci, Coci da Haraji: Mudu Ɗaya Ake Awo da Shi

Ya 'yan'uwa Musulmi na Matameye da kewaye.

Wani saƙo yana yawo a wayoyinku: wai hukuma ta ɗora wa coci-coci haraji, ta ƙyale masallatai, domin kuɗinsu daga waje yake zuwa, kuma da shi suke juya siyasa. Wannan magana ɓata ce, kada ku tura ta gaba.

Na farko, Allah Maɗaukaki ya ambaci majami'u tare da masallatai a aya ta 40 ta Suratul Hajji, cikin wuraren da ya tsare daga rushewa. Ɗakin ibada ba shago ba ne. Dokar da ta karɓi lanho a ƙofar coci yau, gobe a ƙofar masallacinku za ta tsaya.

Na biyu, ku tuna ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, lokacin da aka ƙona coci-coci a Damagaram, kashegari wutar ta kai Yamai, aka yi asarar rayuka. Ku tuna Maraɗi a watan Yunin 2019, da aka ƙona coci ana cikin rigimar dokar tsara ayyukan ibada. Fitina da magana take farawa, kuma mai yaɗa ta yana da kaso cikin alhakinta.

Na uku, adalci shi ne a raba ibada da kasuwanci. Shagunan da aka gina a jikin masallaci ko coci ana karɓar haya, su biya fatanti kamar yadda mai tebur a kasuwa yake biya. Mai rawani ba ya fakewa da mumbari ya cinye haƙƙin jama'a.

Amma batun siyasa, kafin mu leƙa gidan maƙwabci, mu share namu. Sau nawa ɗan takara ya shimfiɗa darduma, ya sayi lasifika, sai huɗuba ta karkata? A Amurka an kafa doka a 1954: majami'ar da aka yafe wa haraji ba ta tallar ɗan takara. Mu ba mu jira Amurka ba, domin Suratut Tauba ta ba mu labarin Masallacin Dirar, wanda aka gina don raba kan muminai, Annabi (SAW) ya sa aka rushe shi. An rusa jam'iyyu a ƙasarmu a watan Maris 2025, amma kwaɗayin mulki yana nan, kuma masu shi za su sake ƙwanƙwasa ƙofa.

Saboda haka wajibinku uku ne. Ku nemi kwamitin masallaci ya karanta muku abin da ya shigo da abin da ya fita. Ku ƙi sadakar da ta zo da sharaɗi. Ku biya harajinku, kada ku ɗauka ya ɗauke muku zakka.

Allah ya tsare mumbarinmu daga ciniki, ya zaunar da Nijar lafiya. Wassalamu alaikum.