Tura manhaja daga nesa: ƙofa ɗaya ta dubban kwamfutoci

Ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da yake bai wa Windows 10, abin da ya sa bankuna, ma'aikatu da kamfanoni ke ƙaura zuwa Windows 11. A manyan ma'aikatu ba a bin ofis-ofis ana girka manhaja ɗaya bayan ɗaya. Jami'in kula da na'urori yana amfani da Intune ko Configuration Manager: ya shirya manhajar, ya zaɓi rukunin ma'aikatan da za su karɓa, ya saka lokaci, ita kuma ta sauka da kanta.

Sauƙin aikin a fili yake, amma hanyar da gyara ke bi ita ce ɓarna ke bi. A watan Yulin 2021 ƴan kutsen REvil sun shiga VSA, manhajar kamfanin Kaseya ta kula da kwamfutoci daga nesa, suka tura manhajar da ke kulle bayanai don neman kuɗin fansa. Abin ya shafi kamfanoni har kusan 1,500, kuma Coop ya rufe shaguna kimanin 800 a Suwidin.

Ranar 19 ga watan Yulin 2024 kuwa babu hannun ɓarawo. CrowdStrike na Amurka ya tura wa abokan cinikinsa wani gyara mai kuskure a lokaci guda. Ya janye shi bayan minti 78, amma kwamfutoci miliyan 8.5 sun durƙushe, bisa ƙiyasin Microsoft. Tunda kwamfutar da ta kasa tashi ba ta karɓar umarni daga nesa, sai da ma'aikata suka bi da yawansu da hannu. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashi kusan 7,000.

Daga baya CrowdStrike ya yi alƙawarin tura irin wannan gyara mataki-mataki. Ƙa'idar ke nan ga duk ma'aikatar da ke shirin ƙaura, a Yamai ko Maraɗi: a fara da ƴan kwamfutocin gwaji, sai sashe guda, sannan kowa, tare da tanadin hanyar komawa baya. A kuma taƙaita masu ikon danna maɓallin turawa, domin wanda ya sace makullin wannan jami'i ya mallaki dukkan kwamfutocin gidan.