Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

  

Kukan da ya fi yawa cikin wasiƙun da ku ke aiko mini kwanakin nan iri ɗaya ne. Wannan ta ce tun da 'yarta ta cika shekara 14 ta zama kamar kurma, kome aka tambaye ta sai ta ce "ba kome". Waccan ta ce tata ba ta haɗa magana biyu da ita, amma in ƙawa ta zo sai hira har magariba. Har akwai wadda ta ke tambaya ko ta karɓo mata rubutun sha.

Ku kwantar da hankalinku tukuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta shekara 10 zuwa 19 a kan lokacin ƙuruciyar balaga, lokaci ne kuwa da jiki da hali duk su ke sākewa. Jinin al'ada yakan fara tsakanin shekara 10 da 15, kuma a shekarar farko ko ta biyu ba lalle ya zo kan ƙa'ida ba. Likitoci sun ce sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi, wanda ke auna magana da danne zuciya, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Yarinya a wannan lokaci tana bukatar barcin awa 8 zuwa 10, ga shi kuwa da asuba mu ke tashe ta. Saboda haka ɗan shiru da saurin fushi ba sammu ba ne, girma ne.

Amma akwai shirun da mu iyaye mu ke jawowa da bakinmu. Yarinya ta raɓo ki da dare, murya na rawa, ta ce ta ga jini. Kafin kwana bakwai an je gidan suna, kin faɗa wa aminiyarki, ita kuma ta faɗa wa tata. Rannan sai ga goggo ta shigo tana dariya, tana cewa, "A'a, su wance an girma!" Ko kuwa ta faɗi jarrabawar lissafi, ki ɗauki waya ki aika da murya cikin zauren dangi na WhatsApp, mutum arba'in su ji. Ke a wurinki hira ce. Ita a wurinta tsirara aka yi mata a kasuwa. Daga ran nan ta ɗinke bakinta, ke kuwa kina ta neman wanda ya juya miki 'ya.

Ni ma maganar ta shafe ni, gama sana'ata rubutu ce, ina kuma da budurwa 'yar shekara 15 a ɗaki. Da safe mu haɗu wajen dama koko da shirya ƙannenta. Ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya. Bayan lisha mu zauna kan tabarma guda, fitila guda, tana aikin makaranta ina rubuta filin nan. Mai rubutu kuwa kamar kaza ce, kome ta gani a tsakar gida sai ta so ta tsattsaga. Sai dai muna da doka. Abin da ya shafe ta ba ya shiga jarida sai ta karanta ta yarda, domin malamanta da ƙawayenta su ma suna karantawa. Ko wannan da ku ke dubawa sai da ya bi ta hannunta. Ta soke layi biyu, ban tambaye ta dalili ba, ku ma ba za ku ji abin da ke cikinsu ba.

Na san wata za ta ce kunya ta hana ta irin wannan zama, balle da 'yar fari wadda ko sunanta ba ta faɗa. Al'adarmu ce, ba na kushe ta. Amma ku tuna, a babban gida na dā akwai kaka, akwai goggo, akwai inna, yarinya ba ta rasa wanda za ta kai wa kukanta. Yau da yawanmu muna birni cikin ɗaki biyu na haya, kaka tana can gida. In uwa ta kau da kai, ƙawa da waya za su yi mata tarbiyya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ba za ki iya ba, zaɓi ƙanwarki ko yayarki mai riƙon amana, ki damƙa mata, ki kuma bar su da asirinsu.

Ga abin da na ga yana aiki. Kada ki titsiye ta ido cikin ido kamar gaban alƙali. Ja ta hira sa'ad da hannu ke aiki, wajen tsinkar zogale, ko tankaɗe, ko kina yi mata kitso. In ta fara magana kada ki katse ta da salati, bari ta kai aya. Faɗa a yi shi cikin ɗaki, ba gaban ƙanne ko baƙi ba. Yabo kuwa ki yi shi a fili kowa ya ji.

Duk da haka akwai asirin da ba a binnewa. In jini ya wuce kwana 7 yana zuba da yawa, ko tana jiri, sai asibiti. In wani namiji yana tare ta a hanya, ko yana damunta ta waya, ko da ɗan gida ne, tilas a ɗauki mataki. Amma ki fara gaya mata. Ki ce, "'Yata, wannan ya fi ƙarfina ni kaɗai, zan sanar da babanku, kuma ba laifinki ba ne." Kada ta tsinci zancenta a bakin wani.

Ku kuma 'yan makaranta, ku saurara. Ƙawar da ta rantse miki yau, gobe kuna iya ɓatawa, saƙon da kika aika mata kuwa yana nan cikin wayarta. Gwada mahaifiyarki da ƙaramar magana, ki ce, "Inna, tsakanina da ke ne." In ta riƙe, kawo babbar. Ita ma ta taɓa zama 'yar shekara 14, ta san abin da ya ke.

Allah ya shirya mana zuriya, ya rufa mana asiri. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abincin da ke ƙara wa 'yan mata jini. Ku huta lafiya.