A Daina Yanke Wa Waƙa Hukunci Da Sunanta Kawai



A zamanmu na ƙarshen wata, da aka zo kan walimar da za mu shirya wa yaranmu da suka gama sakandare, wani dattijo ya miƙe ya ce a rubuta a takarda: ba a yarda a sa "nanaye" ko "hip-hop" ba. Aka ce Baba, wace waƙa ce nanaye? Ya ce duk wadda yaran nan ke ji a waya. Nan take wani matashi ya ce ai waƙa waƙa ce, waɗannan sunaye shirme ne na Turawa. Aka tashi baram-baram, kuma yanzu wasu yaran sun ce ba za su zo ba. Mun ga dole mu yi magana, domin duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya.

Mu fara da matasa. Wa ya gaya muku Bature ne ya koya mana raba kiɗa gida-gida? Tun kaka da kakanni Bahaushe yake kiran kiɗa da sunan kayan kiɗansa ko da sunan mutanen da ake yi wa. Kotso na fada ne, da shi Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi wa sarakuna waƙa. Kalangu na mahauta ne tun asali, kafin Mamman Shata ya zagaya duniya da shi. Ɗan Anace na 'yan dambe ne, Kassu Zurmi na mafarauta da 'yan tauri, Barmani Choge da ƙwaryarta ta amada ta mata ce. A nan gida kuma muna da marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Idan aka ce za a yi amada a gidan biki, namiji ya san ba wurin zamansa ba ne. Idan aka ji kiɗan tauri, uwa ta san ta janye ƙananan yara. Amfanin suna ke nan: yana gaya maka abin da za ka tarar kafin ka isa. Wanda ya ce a zubar da sunaye, kamar mai cewa ne a cire alamun rumfuna a kasuwar Terminus, kowa ya yi ta lalube.

Yanzu ga iyayenmu, tare da girmamawa. Kalmar nanaye ba daga waje ta zo ba. Daga amshin waƙoƙin gaɗa ta fito, waɗanda iyayenmu mata suka yi a dandali suna 'yan mata. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a shekarun 1990, aka riƙa yin waƙoƙi da fiyano, namiji ya rera mace ta amsa, irin na finafinan Indiya, sai aka laƙaba musu wannan suna. To yau da fiyanon nan ɗaya ake yin waƙar soyayya, da waƙar siyasa, da waƙar amarya, har da yabon Manzon Allah (SAW). Aminu Ala da shi yake waƙoƙinsa na ilimi da tarihi. Idan kun haramta "nanaye", wanne kuka haramta a ciki?

Haka hip-hop. A unguwar Bronx ta New York aka haife shi a shekarun 1970, amma garin nan namu na Jos ya fitar da M.I Abaga da Jesse Jagz da Ice Prince, waɗanda duk Najeriya ta sani. ClassiQ da DJ AB kuwa da Hausa suke yi. A cikin wannan salo akwai mai batsa, akwai mai kuka da rashin aikin yi da shaye-shaye. Ɗanmaraya da ya yi wa karen mota waƙa, ya yi waƙar auren dole, ai maganar talaka yake yi, kuma wasu yaran nan ita suke yi da wani kiɗan daban.

Bari mu ba ku labarin wani suna daga waje, don a ga inda irin wannan ke kaiwa. A tsakiyar shekarun 1980, a birnin Washington na Amurka, wasu matasa masu kiɗan jita mai ƙara, irin su ƙungiyar Rites of Spring, suka koma rera damuwar zuciyarsu maimakon ihun siyasa. Aka kira salon "emo", wato kiɗan sosa rai. Su kansu mawaƙan sun ƙi sunan. Bayan shekara ashirin sai sunan ya bar kiɗa ya koma kan mutane: duk yaron da ya sa baƙaƙen kaya matsattsu ya zubo gashi a fuska, emo ne, ko me yake saurare. A 2008 aka yi ta far wa irin waɗannan yara da duka a Meziko. A 2012 aka kashe matasa a Iraƙi da wannan laƙabi. Har gobe masana kiɗa ba su daidaita kan mene ne emo ba, amma masu duka ba su jira ma'ana ba.

Mu mutanen Dutse Uku ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mun ga 2001, mun ga 2008, mun ga Janairun 2010 a ƙofar gidajenmu. Mun san abin da ke faruwa idan aka daina kallon mutum aka koma kallon sunan da aka manna masa. Ba muna cewa gardamar waƙa ta kai wannan ba, Allah ya kiyaye. Amma ɗabi'ar iri ɗaya ce, kuma ta riga ta fara a tsakaninmu. Mun ji da kunnenmu an ce kada a ba wani yaro aure wai "ɗan nanaye" ne, alhali yaron a shagon ɗinki yake wuni, sai da yamma yake leƙa situdiyo. Ba wanda ya saurari waƙarsa ko ɗaya kafin a yanke masa hukunci.

Ga shawararmu kan walima. Mai sa kiɗa ya kawo jerin waƙoƙinsa mako guda kafin ranar. A zaɓi mutum uku, dattijo ɗaya, uwa ɗaya, matashi ɗaya, su zauna su saurara. Tambaya uku za su yi wa kowace waƙa: akwai batsa a ciki? Akwai zagi ko habaici ga wani mutum, ko ƙabila, ko addini? Tana yabon ƙwaya da daba? Wadda ta faɗi a cire ta, ko da kalangu aka yi ta, domin a cikin tsofaffin waƙoƙin da muke so ma akwai zambon da ba za mu so jikokinmu su haddace ba. Wadda ta tsallake a sa ta, ko wane suna take da shi. Lokacin sallah kuma a kashe lasifika.

Iyaye, ku daure ku saurara kafin ku hana. Matasa, ku koyi sunayen kiɗan gidanku kafin ku ce ba su da amfani. Za mu sake zama ranar Lahadi bayan La'asar, kuma muna son kowane ɓangare ya zo da waƙa uku da yake ganin sun dace. Allah ya shirya mana zuri'a, ya zaunar da Filato lafiya.

Sakataren Ƙungiya