Woody Zai Sake Dawowa, Wa Zai Zauna Da Yaran?

'Yan'uwa, kamfanin Disney da reshensa Pixar sun shimfiɗa jerin finafinan katun da za su fitar daga nan har 2029, kuma duk wanda ya karanta jerin sai ya ji kamar ana kiran sunayen 'yan ajinsu na firamare. Toy Story 5 an sa masa ranar 19 ga Yuni 2026. Frozen 3 an sa masa Nuwamba 2027. Incredibles 3 yana kan hanya. Coco 2 kuwa sai 2029. Zootopia 2 ma ya riga ya fito tun Nuwamba 2025. Akwai sababbin labarai, amma an matse su a tsakani kamar yaro a motar haya: Hoppers a Maris 2026, Hexed a Nuwamba 2026, sai Gatto a 2027, labarin wani baƙin kyanwa a birnin Venis na Italiya.

Mu lura da inda aka fara sanar da Coco 2. Shugaban kamfanin na lokacin, Bob Iger, ya faɗi maganar ne a Maris 2025 a taron masu hannun jari, wato mutanen da suka zuba kuɗinsu suna jiran riba. Su aka fara yi wa albishir kafin yara su ji. Ba laifi ba ne, kasuwanci ke nan. Amma yana da kyau mu riƙe wannan a zuciya yayin da muke duba sauran jerin.

Dalilin maimaita tsofaffin sunaye a fili yake. Inside Out 2, wanda ya fito a 2024, ya tara fiye da dala biliyan ɗaya da rabi a gidajen sinima na duniya. Moana 2, da farko shirin talabijin aka yi niyyar yi da shi, daga baya aka harhaɗa shi ya zama fim, shi ma ya haura dala biliyan ɗaya. Sai ga Elio a Yuni 2025, sabon labari fil, na wani yaro maraya da halittun wata duniya suka ɗauke. A ƙarshen makon farko a Amurka ya samu kusan dala miliyan 21, mafi ƙanƙantar buɗewa a tarihin Pixar. Shekara guda kafin nan kamfanin ya sallami ma'aikata kusan 175. Duk mai shago da ya ga irin wannan lissafi ya san kayan da zai ƙara sarowa. Mu da muka taso da finafinan gida masu kashi na ɗaya da na biyu, har da na uku da na huɗu, wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

To, wa ake nema da waɗannan sunaye? Toy Story na farko ya fito a 1995, shi ne cikakken fim na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta. Yaron da ya kalle shi yana shekara bakwai, yau ya doshi arba'in, yana da nasa yaran. Frozen ya fito a 2013. Yarinyar da ta haddace waƙarsa tana aji uku, yanzu tana jami'a ko tana bautar ƙasa, wataƙila ita ce ke koyarwa a makarantar Lahadi. Ɗan shekara biyar bai san Woody ba, ba ya kewarsa. Mu ne muke kewarsa. Mu ake kira, domin an san mu ne ke riƙe da waya da rimot, mu ne ke zuwa wurin masu tura fim a kasuwa, mu ne ƙanne ke bi suna cewa yaya a sa mana katun.

A nan damuwarmu take. Sunan da muka sani yana sa mu sakin jiki. Idan ƙanwarmu ta kawo wani fim da ba mu taɓa jin sunansa ba, mukan ɗan leƙa mu ga mene ne. Amma ranar da ta ce a tura mata Frozen 3, wa a cikinmu zai ce bari in fara gani? Za mu ce ai Elsa ce, mun san ta. Alhali abin da muka sani shi ne fim ɗin 2013 da na 2019. Na 2027 babu wanda ya gan shi tukuna. Ko masu yin finafinan ma suna sauyawa: Brad Bird ne ya ba da umarnin Incredibles na ɗaya da na biyu, na ukun kuwa an miƙa wa Peter Sohn. Tambarin shago ɗaya ne, amma hannun da ke tuƙa tuwon yakan canja.

Wani zai ce ai an rubuta cewa fim na iyali ne, ga alamar G ko PG a jiki. Waɗannan haruffa wata hukumar masana'antar fim ta Amurka ce ke ba da su, kuma masu dubawar iyaye ne na can. Abin da suke aunawa shi ne yawan faɗa, zagi, tsiraici, shaye-shaye da abin tsoro. Aiki ne mai amfani, mun gode. Sai dai ba sa auna abin da fim ke gaya wa yaro game da mutuwa, ko biyayya ga iyaye, ko inda mutum ke samun darajarsa. Ba aikinsu ba ne, ba su kuma taɓa cewa nasu ne ba.

Kada kuma mu sa rai kamfani zai yi mana wannan aikin. A 2022 an hana nuna Lightyear a ƙasashe da dama saboda wani ɗan gajeren wuri da mata biyu suka sumbaci juna, kamfanin ya ƙi cirewa. Ba a cika shekara uku ba, a shirin Pixar mai suna Win or Lose na 2025, kamfanin da kansa ya cire wani sashe na labari da ya shafi sauya jinsi, kuma a cikin shirin akwai wata yarinya, Laurie, da aka nuna tana addu'a kafin wasa. Wasu masu bi a intanet sun yi ta murna kamar an yi wa Disney baftisma. A ganinmu ɗan kasuwa ne ya ɗaga yatsa ya ji inda iska ke kaɗawa. Gobe idan ta juya, zai juya. Wanda ya ɗora tarbiyyar ƙannensa a kan wannan iska zai sha mamaki.

Bari mu tsaya kan Coco, domin a nan ne maganar ta fi nauyi, kuma yawancinmu muna ƙaunar fim ɗin. Ya fito a 2017, an gina shi a kan bikin tunawa da matattu da ake yi a Meziko ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, inda iyalai ke jera hotunan waɗanda suka rasu tare da furanni da abincin da suke so. Akwai abubuwa masu kyau ƙwarai a cikinsa. Yaron, Miguel, yana zaune gida ɗaya da kakar mahaifinsa, tsohuwar da tsufa ya ɗauke wa tunani, kuma ba a mai da ita kaya ba. Ana gaishe ta, ana yi mata hira ko da ba ta amsawa. Yaran da suka ga wannan sun ga abin kirki, musamman a zamanin da wasunmu kan wuce ɗakin kaka ba ko sannu.

Amma ƙashin bayan labarin shi ne wannan: matattu suna rayuwa a wata ƙasa muddin akwai mai rai da ke tunawa da su. Ranar da mutum na ƙarshe ya manta da kai, sai ka narke ka ɓace har abada. An nuna wannan a fili, wani tsoho ya ɓace a kan gadonsa na lilo domin babu sauran mai tunawa da shi. Mu manya mun san tatsuniya ce, mun share hawaye mun wuce. Yanzu a ɗauki yarinya 'yar shekara bakwai da aka binne mahaifiyarta bara. Irin waɗannan yara suna cikin ikilisiyoyinmu, ba ɗaya ba, ba biyu ba, wasu ta dalilin ciwo, wasu ta dalilin hare-haren da muka sani. Ta kalli fim ɗin ita kaɗai a wayar yayanta. Da dare ta kwanta tana ƙoƙarin tuna muryar mamarta, ta ga muryar ta fara dushewa. Me za ta ɗauka? Za ta ɗauka ita ce ke kashe mamarta a karo na biyu. Kuma ba za ta faɗa wa kowa ba, yara ba su cika faɗin irin wannan ba.

Abin da take bukata bai wuce minti biyar na wani babba da ya kalla tare da ita ba. Wanda zai ce mata, tunawa da mama abu ne mai kyau, amma ba tunaninki ne ke riƙe da ita ba. Wanda zai ba ta labarin ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu a Luka sura 23, mutumin da babu gidan da zai rataye hotonsa, wanda roƙonsa kawai a tuna da shi ne, kuma aka amsa masa nan take. Begenmu yana kan tunawar Ubangiji, wadda ba ta tsufa. Fim ɗin ba zai faɗi wannan ba, ba mu kuma zarge shi don bai faɗa ba. Al'adar wasu mutane ya ɗauka ya yi labari da ita. Abin tambaya shi ne ko akwai wani zaune a gefen yarinyar lokacin da aka kashe wayar. Coco 2 yana zuwa a 2029, kuma yaran da za su kalle shi yanzu haka wasunsu suna goye.

Saboda haka ba mu tare da masu cewa a haramta katun gaba ɗaya. Mun san gidajen da aka yi haka. Yaran suna kallo a gidan maƙwabta, sun kuma koyi cewa abin da suka gani ba abin kawowa gida ba ne. Hexed labari ne na sihiri, kuma muna iya jin hayaniyar da za a yi a kansa tun yanzu, saƙonnin WhatsApp masu cewa a tura wa mutum goma. A nan wurinmu sihiri ba abin wasa ba ne, akwai yaran da aka yi wa ƙazafin maita aka azabtar da su, don haka iyayen da suka ce ban da wannan a gidansu suna da hujja. Abin da muke roƙo kawai, wanda zai yanke hukunci ya fara kallo. Hoppers kuwa, labarin wata budurwa ce mai son dabbobi da aka sa hankalinta cikin mutum-mutumin wata dabbar ruwa mai gina madatsa da itace, don ta shiga cikin dabbobi ta ji abin da suke cewa. Da alama zai buɗe hira a kan kula da halitta, hirar da ba mu cika yi ba alhali leda ta cika magudanan unguwanninmu.

Toy Story 5 shi ne ya fi ba mu dariya, dariyar da ke da ɗaci. Andrew Stanton ne ke ba da umarni, wanda ya yi Finding Nemo da WALL-E, kuma abokiyar gabar kayan wasan a wannan karo kwamfutar hannu ce mai siffar kwaɗo, sunanta Lilypad. An kawo wa yarinyar gidan, Bonnie, ita kuwa ta manne mata, su Jessie da Buzz suna gefe suna kallo. Wato kamfanin da ke da Disney+, wanda ribarsa ke ƙaruwa gwargwadon yadda yara suka daɗe suna kallon allo, shi ne zai yi mana wa'azi a kan allo. Mai sayar da giya ya hau bagadi yana gargaɗi kan maye. Duk da haka gaskiya ba ta lalacewa don bakin da ya faɗe ta. A gidajenmu ba kasafai ake sayen irin wannan kwamfuta don yaro ba. Lilypad ɗinmu ita ce wayar yaya, wadda ake miƙa wa ƙaramin don ya yi shiru a bar mu mu yi hira, har a cikin sujada wani lokaci, a benci na baya, an rage murya. Zai zama abin kunya a ce wannan fim ɗin ma haka za a kalle shi, yaro shi kaɗai a lungu da waya a hannu, yana kallon labarin yarinyar da aka bari ita kaɗai da allo.

Wata magana a gefe. A Fabrairu 2024 Disney ta fitar da Iwájú, shiri mai kashi shida da ta yi tare da Kugali, kamfanin da 'yan Najeriya biyu da ɗan Uganda ɗaya suka kafa. Labarin yana faruwa a Legas ta nan gaba, tsakanin 'yar mai kuɗi a tsibiri da ɗan talaka a cikin gari, har da satar yara don neman kuɗin fansa. A cikin jerin manyan finafinan da muka lissafa a sama babu mai kama da shi ko ɗaya. Masu zane da masu son kwamfuta a cikin zumuntarmu, ku ji wannan da kyau, domin ba Kalifoniya ce za ta zana mana Gizo da Ƙoƙi ba.

Shawarar da muke kawowa gaban shugabannin zumunta da malaman makarantar Lahadi mai sauƙi ce. Tunda kamfanin ya ba mu ranakunsa tun da wuri, mu ma mu shirya. Duk fim ɗin da ya fito cikin jerin, mutum biyu ko uku su fara kallo, su rubuta 'yan layuka a wannan shafi don iyaye: ga abin da ke ciki, ga shekarun da ya dace da su, ga tambayar da yaro zai iya yi. Wanda ya cancanta, a haɗa yara a nuna musu wata Asabar lokacin hutu, manya suna zaune a tsakaninsu, a bar rabin sa'a a ƙarshe don su yi magana.  Masu son shiga cikin masu kallon farko su ba sakatariya sunayensu bayan sujadar Lahadi.